Su'ada da Cutar Wayoyin Zongo

A Zongon Wagadugu, in ka tambayi gidan Zakariya'u direba, ko wane ne zai nuna maka da hannu. In kuwa ka ce 'yarsa Su'ada kake nema, sai mai nuna hanyar ya dube ka daga sama har ƙasa kafin ya amsa, wani ma ya ce bai san ta ba, alhali a gabansa aka yi sunanta. Ba ta ci amanar kowa ba, ba ta taɓa ɗaukar kayan wani ba. Aikinta ne ya haɗa ta da unguwa, kuma ita ma, a faɗi gaskiya, ba ta iya lallashi ba.

Mahaifinta mutumin Birnin Ƙonni ne. Ya zo Wagadugu da ƙuruciyarsa, ya shekara talatin yana jan kamiyo, wato babbar motar kaya, tsakanin nan da Lome. Shi da wansa Aliyu Sani gida ɗaya suka gina, suka raba tsakar gidan da gajeriyar katanga wadda ko akuya tana tsallakewa. Ƙaltume, uwar Su'ada, tana dama fura a ƙofar gida, matan ɓangaren Aliyu Sani kuwa suna sayar da turaren wuta. A haka yaran gidan biyu suka tashi, kwano ɗaya, tabarma ɗaya.

Babban ɗan Aliyu Sani shi ne Mailafiya, ya girmi Su'ada da shekara bakwai. Shi ya fara buɗe shagon intanet a bakin hanyar da ta nufi unguwar Bilbalogho, da kwamfuta shida da fanka ɗaya mai ƙara. A lokacin duk Zongo ba wanda ake ganin ya san na'ura kamarsa. Su'ada tana 'yar shekara goma sha biyar take biyawa ta shagon in an tashi daga lakwal, wato makaranta, don ta buga aikin da mushe, malaminsu, ya ba su. A shekarun nan wata cuta ta addabi mutane: ka sa kile ɗinka a kwamfuta, wato ɗan abin nan da ake ajiye takardu a ciki, ka cire, ka tarar komai ya ɓace. Maganin Mailafiya ɗaya ne, ya goge kilen gaba ɗaya ya ce wa mai shi ya yi haƙuri.

Wata ranar Laraba wani ɗalibi ya shigo hankalinsa a tashe, littafin kammala karatunsa na shekara guda ya ɓace daga kile. Mailafiya ya duba, ya ce ba abin da ya saura, sai gogewa. Su'ada tana kujera ta kusa. Ta daɗe tana lura cewa kilen da aka ce ya zama fanko, na'ura tana nuna har yanzu a cike yake. Ta ce a ba ta ta gani. Cikin minti goma ta fito da littafin, shafi ɗari da ashirin, ba abin da ya taɓa shi. Cutar ɓoye takardu take yi, ba cinye su ba. Ɗalibin ya yi ta godiya, mutanen shagon suka yi dariya, wani ya ce ashe malamin yana ƙarƙashin ɗalibarsa. Da ta yi shiru da an wuce wurin. Amma sai ta juya ta tambayi Mailafiya, a gaban kowa, kile nawa ya goge wa mutane a banza cikin shekara biyu. Washegari ya ce mata kwamfutocin duk an kama, ranar da ta biyo ma haka, har ta gane ta daina zuwa.

Ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta shiga iniversite ta karanta ilimin kwamfuta. Su biyu ne mata a aji na mutum arba'in da ɗaya, ɗayar kuma ta bari a shekara ta biyu. Abin da ya fi jan hankalin Su'ada shi ne birus, cutar na'ura: wa ya rubuta ta, ta ina take shiga, ina take kai abin da ta sata. Tana tara su kamar yadda mai magani yake tara saiwoyi, kowacce da sunanta da halinta, a cikin wata tsohuwar kwamfuta da ba ta taɓa haɗa ta da intanet. Da ta gama, wani ƙaramin kamfani a unguwar manya ta Waga 2000 ya ɗauke ta. Aikinsu binciken irin waɗannan cututtuka ne ga bankuna da ofisoshi. In an kawo sabuwa, ita za ta kulle ta a na'urar gwaji, ta bar ta ta yi abin da take so, ta buɗe cikinta layi bayan layi, sannan ta rubuta alamar da maganin birus zai riƙa gane ta da ita. Aiki ne na zama da haƙuri, wani lokaci mako uku a kan abu ɗaya.

Shi kuwa Mailafiya, zuwan manyan wayoyi ya kashe masa shago. Ya sayar da kwamfutocin, ya kafa rumfar gyaran waya kusa da inda direbobi ke shan shayi. Hannunsa yana da kyau, ba a musu, kuma yana da daɗin baki. Duk wayar da ya gyara sai ya ƙara wa mai ita kyauta: wata manhaja ta kallon fina-finai ba tare da biyan ko sisi ba. Saboda wannan kyautar har daga unguwar Larle ake kawo masa gyara.

Daga rumfar nan maganar ta fara fita. In Su'ada ta wuce a kan babur da safe, jakar kwamfuta a bayanta, sai Mailafiya ya ce wa masu shayi su rage murya, ga kunnen gwamnati nan. Ya ce ko sun san abin da ake yi a waɗannan benayen na Waga 2000? Sauraron wayoyin talakawa. Da farko wasa aka ɗauke shi. Amma Zongo unguwar baƙi ce, akwai mai takardun zama da ba su cika ba, akwai mai kayan da bai bi ta duwan ba, wato kwastan, kuma irin wannan wasan ba ya daɗewa yana wasa. Ƙaltume ta roƙi 'yarta ta riƙa tsayawa tana gaisawa da mutane, ta yi musu bayanin aikinta. Su'ada ta ce ba ta da lokacin yi wa jahilci bayani. Wata maƙwabciya ta ji, kafin la'asar kalmar jahilci ta zaga unguwa.

Cikin damina, shekarar da Su'ada ta cika talatin, abin ya faɗo. Wani direba ya aika wa matarsa saƙon murya yana zagin maigidansa, ya ce marowaci ne mai cin gumin mutane. Bayan kwana huɗu saƙon ya isa ga duk lambar da ke cikin wayarsa, har da maigidan. Aka karɓe makullin mota. Sai hoton wata amarya da ta ɗauka a ɗakinta don mijinta kaɗai. Sai hirar wasu 'yan kasuwa biyu a kan na uku. Kafin kowane ya fita, mai wayar yakan sami saƙo da Faransanci daga lambar da bai sani ba, ana cewa ya biya ko a tona shi. Cikin wata guda an yi saki biyu, an fasa haɗin gwiwar wani shago na shekara goma sha biyar, wasu 'yan'uwa sun daina tsayawa sahu ɗaya a masallaci.

Ba a sha wahalar neman mai laifi ba. Wa ke aiki da masu sauraron waya? Aka yanka tayar babur ɗin Su'ada sau biyu. Masu sayen furar Ƙaltume suka koma wani gida, tana zaune da ƙwarya cike har nono ya yi tsami. Aka yi suna a gida na uku da nasu, ba a aiko musu da goro ba. Zakariya'u, wanda ciwon baya ya riga ya sauke daga mota, ya daina zama a majalisa, sai daga gida zuwa masallaci. Su'ada ta ce da iyayenta duk wanda ya kawo mata waya za ta gano abin, amma ba za ta bi gida-gida tana roƙo ba. Ba kuwa wanda ya kawo. Wa zai miƙa wa kura ajiyar nama, in ji su.

Wadda ta fara kawowa Zalissa ce, Bamosa, 'yar ƙabilar Mosi, mai sayar da atamfa, matar wani Bahaushe ɗan kasuwa. Saƙon da ta aika wa ƙanwarta tana kuka da uwar mijinta ya fita, mijin ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta. Ta tare Su'ada a ƙofar gida da rana tsaka, ta ajiye wayar a kan sirdin babur.

"An ce ke ce," in ji Zalissa. "In ke ce, ba abin da ya saura da za ki ɗauka. In ba ke ba ce, nuna min wanda ya yi."

Su'ada ta kai wayar biro, wato ofishinsu. Shugabanta ya ce wannan ba aikin banki ba ne, amma ya bar mata na'urar gwaji in ta gama na ranar. Kwana tara ta yi a kai. Ta ga wayar tana aika abubuwa zuwa wata na'ura a ƙasar waje duk lokacin da aka sa ta caji. Ta bi sawun har ta kai ga mai aikawar: manhajar kallon fina-finai. A sama fim take nunawa, a ƙasa tana kwashe saƙonnin murya da hotuna da lambobin mutane. Babu maganin birus ɗin da ya san ta, sabuwa ce fil. Zalissa ta lallaɓa ta karɓo mata wayoyin mata goma sha ɗaya a cikin ƙullin atamfa. Takwas suna da cutar, kuma duk takwas ɗin sun taɓa kwana a rumfar Mailafiya. Ukun da ba su da ita ba su taɓa zuwa ba.

Ta yi kwana biyu ba ta faɗa wa kowa ba. Ta san ba Mailafiya ne ya rubuta abin ba, ba shi da ilimin, ya dai sauko da ita daga wani shafi ya yi ta rabawa. Ta kuma san abin da ta ji a ranta lokacin da ta ga sunan manhajar, kuma ba tausayi ba ne. Daɗi ta ji, irin na wanda aka daɗe ana takawa. Saboda wannan daɗin ne ma ta tilasta wa kanta ta fara zuwa wurinsa ita kaɗai.

Ta same shi da hantsi, ba kowa a rumfar. Ta gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Ta ajiye masa takarda shafi biyu, ta ce manhajar da yake sa wa mutane ita ce cutar, ya daina, ya kira duk wanda ya sa wa a cire, ita za ta nuna masa yadda ake yi, kuma ba sai an ji sunansa ba.

Mailafiya ya ajiye abin kwance waya, ya ture takardar da bayan hannu.

"Tun kina 'yar lakwal kike neman ki ga bayana," ya ce. "Kun gama sauraron mutane, asiri ya tonu, yanzu kina neman wanda za ki jinginawa. Ba ni ba."

"Yaya Mailafiya, ban ce kai ka ƙirƙira ba. Na ce ta hannunka take shiga. Aure biyu sun mutu."

"Je ki faɗa a rediyo."

"Kwana bakwai zan jira," ta ce. "Bayan nan kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Da maraice ya shiga gida ya faɗa wa mahaifinsa cewa Su'ada ta zo har rumfa ta yi masa barazana. Aliyu Sani ya tsaya a bakin katanga ya kira ƙanensa da sunan da ba a kira shi da shi ba tun suna yara, ya ce ya ja wa 'yarsa kunne. Zakariya'u ya shiga ɗaki ya roƙe ta. Ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta bari a sasanta a cikin gida. Ta ce ta ba da kwana bakwai, sasantawar ke nan. A rana ta biyar ta aika Zalissa da wata waya mai tsabta rumfar a canza mata gilashi. Wayar ta dawo da sabon gilashi da manhajar a ciki.

Ranar ta takwas ta miƙa rahotonta. Kamfanin ya aika wa masu yin maganin birus alamar, aka ba cutar suna, aka sanar da hukumar da abin ya shafa. Ba ta rubuta sunan Mailafiya ba, ta rubuta dai cewa ta rumfunan gyara take yaɗuwa. Amma da aka karanta sanarwar a rediyo, da Faransanci da Mosanci, an faɗi sunan manhajar, kuma a Zongo kowa ya san mai raba ta.

Malam Umar Faruƙ, limamin masallacin layinsu, ya tara su bayan sallar la'asar a zauren gidansa. Dattawa suka cika tabarmi, samari a waje suna leƙe ta taga. Aliyu Sani ya fara magana, ya ce yarinya ta je ta haɗa kai da Nasara ta ɓata sunan gidansu. Mailafiya ya rantse cewa manhajar tana cikin wayarsa shi ma, ba abin da ta taɓa yi masa. Malam ya juya ga Su'ada ya ce ta faɗi nata, amma da Hausar da tsofaffi za su gane.

"Allah gafarta Malam, ba sai na yi dogon bayani ba," ta ce. "A ba ni wayar da ya gyara, kowace ce."

Malam ya ciro tasa daga aljihu. Mailafiya ne ya canza mata batir kafin azumi. Su'ada ta haɗa ta da kwamfutarta, ta roƙi Malam ya yi magana a cikin saƙon murya, ko me ya ga dama, kada ya aika wa kowa. Ya karanta wata gajeriyar addu'a. Ta sa wayar a caji, ta juya kwamfutar ga dattawa, ta nuna musu layin da ke motsi, ta ce ga saƙon nan yana neman hanyar fita, ta tare shi. Ta danna, muryar Malam ta fito daga kwamfutar, addu'ar da ya karanta yanzu, har da tarin da ya yi a tsakiya. Wani tsoho ya zaro wayarsa ya ajiye ta nesa da shi a kan tabarma.

Malam ya tambayi Mailafiya ko gaskiya ne ta zo ta same shi kafin ta kai magana waje. Ya ce ta zo. Ya tambaye shi ko ya ci gaba da sa wa mutane bayan nan. Mailafiya ya sunkuyar da kai. Direban da aka kora ya miƙe, sai da mutum uku suka riƙe shi.

Su'ada ta ɗauka daga ranar an wanke ta. An wanke ta daga sauraron waya, aka ɗora mata wani laifin. Kafin mako ya zagayo maganar unguwa ta zama cewa ta tona wa ɗan'uwanta asiri a gaban jama'a, ta kashe masa sana'a, kuma ta ji daɗin yi. Wasu suka ce in ta iya fito da muryar Malam daga waya, me zai hana ta fito da ta kowa? Waɗanda asirinsu ya fita ba su iya kallon ta, don suna zaton ta ji komai. Ta zauna a zauren Malam Asabar uku a jere tana cire cutar daga wayoyi, fiye da ɗari biyu. Mutane suna miƙo waya suna kallon gefe, suna karɓa ba na gode. Ita ma ba ta sassauta ba. Duk wanda ya miƙo sai ta tambaye shi ko fim ɗin ya yi daɗi.

Mailafiya ya rufe rumfa ya tafi Yamai wurin dangin uwarsa. An ce yana gyaran waya a can, yana kuma cewa hassadar 'yar'uwa ce ta kore shi daga garinsu. Aliyu Sani ya kira magina suka ƙara wa katangar tsakar gida bulo biyar, ya fasa wata ƙofa ta bayan gida don kada su haɗu a zaure. Da Zakariya'u ya kwanta asibiti bara, wansa bai je ba, ya aiko da gaisuwa ta bakin Malam. Mijin Zalissa ya mayar da ita bayan wata huɗu, amma uwarsa ta riga ta ji abin da ta ji, kuma wannan ba birus ba ne da za a cire. Direban bai koma motarsa ba. Mutanen da suka rubuta cutar, can inda suke, ba a kama ko ɗaya ba.

Rahoton ya ɗaga Su'ada a wurin aiki. An gayyace ta Dakar ta yi bayani a taron masu bincike, yanzu ita ke jagorantar mutum huɗu, kuma ta fi mayar da hankali ga cututtukan da ke bin wayoyin talakawa, waɗanda manyan kamfanoni ba su damu da su ba. Shugabanta ya sha ce mata ta kama gida kusa da biro ta huta da Zongo. Ta ƙi. Ta ce ubanta ne ya gina rabin gidan nan, ba wanda zai ce ya kore ta.

Kwanan baya Ƙaltume ta tambaye ta, suna tsince shinkafa, ko da za a koma baya za ta ƙara wa Mailafiya kwanaki. Su'ada ta ce da ta ƙara masa wata guda ma ba zai daina ba, tun da daga bakinta maganar ta fito. Ƙaltume ta ce to da sai ta aika wani ya faɗa masa. Su'ada ta ce wannan bai zo mata ba a lokacin. Uwar ta ce ya zo mata, ba ta dai so ba ne. Su'ada ba ta musa ba, ta ɗauki tiren shinkafar ta shiga madafa.